Kitsen da Aka Tara Mini da Ƙauna

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana.

Shekarar da aka yanke layin waya a Sabon Birni da Isa, ita ce shekarar da na fara aman jini. Da aka kai ni Sakkwato, likita ya ce tsiro ne a tumbina, sai an yanke shi. Ya ce ba za a farke ni ba, za a yi ƙananan huji a zura kyamara da kayan aiki. Ya sa rana, ya ce in koma gida in kula da kaina.

Ni dama mai teɓa ne, kuma ina alfahari da ita. Mama Ladi, shugabar zumuntar mata, ta ce mai zuwa gaban wuƙa sai da ƙarfi. Ta tsara matan coci, kullum suna kawo mini tuwo da man shanu, da fura mai kauri daga garin Gangara. Ko ciki na ciwo, haka nake turawa.

Da na koma, likita ya duba hoton cikina. Ya ce kitsen da ke ƙarƙashin fata bai dame shi ba, sai wanda ya lulluɓe hanji da jijiyoyi. Shi ke rufe wa mai aiki ido, aiki ya yi tsawo, jini ya zuba, ɗinki ya yi yoyo. Ya ce jira ma hatsari ne, don tsiron ba ya jira.

Na tambaye shi, "Likita, za ni tashi kuwa?"

Ya ce, "Baba, za mu yi iyakar ƙoƙarinmu."

Tsoro ya kama ni. Na buɗe baki in yi addu'a, kalma ta ƙi fita. Sai na ɗauki biro na rubuta sunan Yesu da ajami a tafin hannuna, na dunƙule. Na ce a zuci, Ubangiji, kai kana gani inda kyamara ba ta gani.

Aka ɗaga aikin 'yan makonni. Na bar mai, na koma miyar ganye da tafiyar ƙasa, kullum ina tunanin tsiron yana girma. Ranar aiki an daɗe, har sai da aka ƙara mini jini, amma ba a farke ni ba. Na tashi! Yabo ga Ubangiji!

Tun da labarin kitsen ya iso gida, Mama Ladi ke kauce mini, wai ita ta kusa kashe ni. Ga ta can a bayan ginshiƙi. Mama, ɗago kanki. Kina bina godiya tun ranar kwanon farko, yau na biya a gaban jama'a. Na gode.

'Yan'uwa, ku tambayi likita abin da za ku ci, ku kuma dogara ga Yesu ko baki ya kasa addu'a. Godiya ta tabbata gare shi. Amin.