Zaiba a Cikin Banda

A tashar Shagari, motar Sakkwato ba ta cika ba. Hasiya mai bandar kifi tana zaune da kwandonta, za ta sauka Bodinga. Kusa da ita wani dattijo ne riƙe da yarinyar da hannuwanta ke ta rawa.

"Baba, sai ma ɗiyar ga kifi ta samu ƙarfi."

"Kifi dai? Ai shi ya fito da mu. Jikata ce, asibiti za ni kai ta a auna jininta."

"Subhanallahi! Mi ya same ta?"

"Likita na zaton zaiba ce, wadda masu wankin zinari ke saki a ruwa. Kifi ya ɗauka, mu kuma mu ci."

"Haba Baba, kar ka ɓata min sana'a! Nawa sai ya kwana bisa wuta."

"Na tambaya. Wuta ba ta kashe ta."

"To ni tun ina budurwa nike ci, ga ni garau."

"Ni ma garau nike. Yara take kayarwa, da wanda ke ciki ba a haifa ba."

Hasiya ta ja tsumma ta rufe kwandon. Can ta ce, "Akwai magani?"

"Akwai mai fidda ta daga jini. Abin da ta riga ta lalata kuwa, sai Allah."

"Na ciki ka ce? Ko ya kai wata bakwai?"

"Wa ke da cikin?"

"Ɗiyata ta fari. Biyu sun zube mata. Na ce wanga sai ya zauna, shi ya sa kullum nike dafa mata romon kifi, in tsare ta sai ta shanye."