Famfon Taraktar Baba

Jakar littattafai, ledar burodi, da tsohon famfon tarakta naɗe a jarida. Da su Zainulabideen ya shiga motar zuwa kasuwar Ataba a Masar, ya zauna kusa da wani dattijo Bahaushen Sudan.

"Ɗana, wannan daga kabarin Fir'auna ka tono shi?"

"Na taraktar babana ne. Ya ce in nemo irinsa kafin damina. Har gwanjon tsofaffin taraktoci na je, ban samu ba."

"Ma'alish, ba komai. Na san mai sayarwa a Ataba. Yalla, zo in kai ka."

"Baba, in taraktar ta tashi, gida zan koma, ni ne direba. Karatu ya ƙare ke nan."

Da motar ta tsaya, Zainulabideen ya sauka, ya ja ƙofa ta rufu.

"Khalas, shi ke nan. Zan ce wa babana duk Masar babu."