Wai Laki Ne Zai Jefa Irin Farko

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shiri, barka da aiki. Ni ne Ilu mai garkar albasa, daga wajen Bangi.

Kowa a ƙauyenmu ya san ban gaji ko fartanya ba, da gumina na haƙa rijiyoyina. Shi ya sa duk damina ni ake kira in jefa irin farko a gona, don albarkar hannu. Bana sai ga Sale, ɗan kawuna, ya dawo ci-rani daga Ikko da sabon suna, wai Laki. Motar da suka shigo ce ta kife, shi ko ƙwarzane bai yi ba. To, mun gode Allah, amma shi ya tuƙa ta?

Na tambayi mushen Ingilishi na kolaj, wato malamin makaranta. Ya ce ma'anar Laki mai sa'a, abin da muke kira shans, kuma ana jin asali daga bakin 'yan caca kalmar ta yaɗu. 'Yan caca fa, Malama!

Ruwan shuka na sauka, sai kowa: "A kira Laki!" Na daure. Ranar Laraba na iske shi a gayaunar Hajo, matata, da ƙoƙon irinta a hannu. Na ce, "Hajo, ni fa?" Ta ce, "Maigida, kai naka wahala ce, nashi ko kyauta ce daga Allah."

Masu saurare, ku ba ni shawara. In geron nan ya yi kyau, in ci tuwon ko in bar musu?