Kafin a Buɗe Rumbu na Huɗu

Shugaban taro, 'yan kwamitin gudanarwa, malamar asibiti da ta baro aikinta ta zo, direbobi da masu dako, yayyena da ƙannena ma'aikatan sito, ina yi muku sallama.

Na gode da aka ba ni wannan dama. Ni ne mai kula da rumbunan ƙarfe, kuma magana ɗaya ta kawo ni: jibi mutum biyar za su sauka cikin rumbu na huɗu, kwamiti kuwa bai yanke ko za a jira iska ta shiga ba.

Na farko, masarar da muke zubawa ba matacciya ba ce. Kamar yadda malamar ta bayyana mini, a cikin kowace tsaba akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Suna farfasa sitaci ya zama sukari, su farfasa sukarin kaɗan-kaɗan, su ciro ƙarfin da suke rayuwa da shi. Wannan aiki yana cin iskar oksijin, yana fitar da zafi da danshi da wata iska marar launi, marar wari. In hatsin bai bushe ba, aikin sai ya ƙaru, ƙwari da fumfuna kuma su yi nasu.

Na biyu, jikinmu ma haka yake samun ƙarfi, kuma da wannan iskar ta oksijin. Hatsi ya riga mu shiga, ya riga mu shaƙa, mun rufe masa ƙofa wata uku. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa ba ta da ajiya. Mintuna kaɗan take jurewa in babu oksijin.

Na uku, kun san Dogo, mai ɗaukar buhu biyu yana waƙa. Ranar da muka buɗe rumbu na biyu ya leƙa, ya shinshina, ya ce mini, "Yaya, ai lafiya lau, ko wari babu." Na taɓa jikin ƙarfen na ji ɗumi, na ce rana ce. Motoci uku suna jira a bakin ƙofa. Na ce masa, "To, sauka." Bai kai ƙarshen tsani ba ya suma. Yau kwanansa goma sha tara a asibiti, yana buɗe ido, amma bai gane matarsa ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa: a buɗe sama da ƙasa, a kunna fanka yini guda, a auna iskar da na'ura, a ɗaura wa mai sauka igiya. An ce direbobi za su yi fushi. Za su yi, na san su. Amma in aka ƙi, ga makullin nan a kan tebur, a nemi wanda zai ce wa mutum biyar su sauka. Bakina ya faɗi kalmar sau ɗaya, ba zai sake ba.

Allah Ya ba Dogo lafiya, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya yi wa kwamiti jagora, Ya mai da kowa gidansa da ƙafafunsa.

Na gode.