Landirobar da ke Kan Duwatsu

A tashar Dakoro, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, Mijinyawa direba ya yi tagumi gefen Landirobarsa. Wani tsoho ya tsaya a kansa.

"Samari, me ya same ta?"

"Haƙoran da ke juya ƙafafun baya suka zube, Baba. Allurar shanu zan kai Azagor, ga ƙanƙarar da ke sanyaya ta tana narkewa. Na aika Yamai a kawo sababbi."

"Ni ma na aika a kawo wa tawa inji, tun Bature na mulki." Ya nuna wata Landiroba da aka ɗora kan duwatsu. "Irinsu ɗaya. Kwance haƙoranta ka ɗaura wa taka."

"In injin ya iso fa?"

Tsohon ya daɗe yana kallon motarsa.

"Shekara huɗu kullum ina share ta, ɗana. Na gaji. Ɗauko kayan aikinka."