Mutum-mutumin da Bai Iya Goyo Ba

A tashar Kura ana jiran motar Madobi ta cika. Sa'adiyya na goye da 'yarta, sai wani dattijo mai kwandon tumatir ya leƙo wayarta.

"'Yata, ba fim ɗin nan ba ne da uwa ta tafi duniyar wata, ta bar wa mutum-mutumi renon ɗanta? Jikokina sun kunna min. Shirme! Ƙarfen nan da tsakar rana yake ba tumatir ruwa. A Bunkure da tuni an kore shi daga gona."

"Ni ba tumatir ya dame ni ba, Baba. Yaro na tsala kuka, ko goya shi bai yi ba. Kuma wace uwa ce za ta tsallake ɗanta ta tafi?"

"Ai aiki ta je. Ke ina za ki da wannan uban kaya?"

Sa'adiyya ta gyara majanyi. "Wajen Innata zan kai ta. Makarantar ungozoma na samu a Kano."

"Innar taki ƙarfe ce?"

"Haba, Baba!"

"Ta iya goyo?"

"Mu takwas ta goya."

"To ki daina zagin matar mutane. Ni da ta dawo, yaron ya rugo..." Ya goge ido da hannun riga. "Albasar can ce."

"Albasar da ke cikin buhu?" Ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Na kasa kallon ƙarshen. Ya gane ta?"

"Tun kafin ta cire hular kwanon. Shiga mota, 'yata."