Shatin Yatsu a Rufin Mota

A wurin wankin mota, wani dattijo ya leƙa cikin wata mota, ya tarar da mai ita yana ta danna tsumma a rufin ciki. Abin ya ɗaure masa kai.

"Sannu da aiki, ɗana. Me ya hana ka watsa ruwa ka dirje?"

"Haba, Baba! Yadin nan da gam aka manna shi. Yana shan ruwa zai saki, ya rufto maka a ka. Kumfar sabulu ake ɗiba, a riƙa dannawa a hankali."

"Ikon Allah! To, wannan baƙin man da ke jikin rufin fa?"

"Hoda na shafa masa tun safe, ta tsotse rabinsa."

"Amma wannan ai shatin yatsu ne."

"Na makanike ne. Duk sati sai ya shiga motar nan, kuma nan yake dafawa."

"Duk sati?"

"Wallahi, Baba, ta gallabe ni. Shi ya sa nake ƙalƙale ta. Mai saye zai zo ƙarfe huɗu."

Dattijon ya dubi agogonsa, ya gyara zaman hularsa.

"Ni ne mai sayen, ɗana, wuri na yi. Ka gaida min makaniken."